Dabo Mai Rediyo da Akwatin da Aka Kashe Daga Nesa

Malam Dabo mai rediyo ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Duk wanda ya san rumfarsa a Gwarzo, can bayan tasha kusa da masu faci, ya san ko an tsaya masa a kai da masifa sai dai ya ci gaba da narka dalmarsa, in mutum ya gaji ya kama gabansa. Shi ya sa ranar da aka ga ya garƙame rumfa tun hantsi, ya rungumo wani abu a naɗe cikin tsumma, ya nufi motar Kabo ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau, masu faci suka ajiye aikinsu suna bin sa da kallo. Wani ya ce ko rasuwa aka yi. Wani ya ce a'a, mai zuwa gaisuwar mutuwa ba ya taka ƙasa da ƙarfi haka.

Dabo ɗan Unguwar Tudu ne, gidan manoma. Yana yaro mahaifinsa ya sayar da gyaɗa ya sayo rediyo, irin mai rigar fata. Ba a daɗe ba aka dawo daga gona aka tarar Dabo ya kwance ta, ya jera kayan cikinta a kan tabarma yana neman inda mutumin da ke magana yake zaune. Ya sha duka a ranar. Amma da aka wayi gari rediyon tana magana kamar ba a taɓa ta ba, sai tsohon ya daɗe yana kallonsa. Da kaka ta yi ya kai shi Kano wajen wani Bayerabe mai gyara a Sabon Gari, ya ce ga shi nan, in dai kwance-kwance ne a koya masa yadda ake mayarwa.

Da ya dawo ya kafa rumfarsa, bai sake barinta ba sai dai zuwa gona da damina. A nan ya yi aure, a nan ya aurar, a nan gemunsa ya yi fari. Ya ga zamanin kaset ya zo ya wuce, ya ga na faifai, ya ga lokacin da wayar hannu ta shigo ta kwashe masa rabin masu zuwa. Bai yi ƙorafi ba. Manomi dai ba ya rabuwa da rediyo, kuma rediyo ba ta rabuwa da faɗuwa daga kan keke.

Sannu a hankali wata al'ada ta kafu a kansa ba tare da kowa ya shirya ta ba. Mutum zai sayi abu mai waya ko mai batir, fitila ce, fanka ce, injin aski ne, sai ya ce wa mai kanti, “Bari in kai wa Dabo ya gani.” Masu kanti ba sa so, amma sun saba. Daga Madadi ake zuwa, daga Getso ake zuwa. Dabo zai karɓi abin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce yana kasa kunne, ya kwance bayansa ya shinshina, ya bi ɗinkin dalmar da ido. Yawanci abin da yake faɗa shi ne, “Mayar masa.” Wani lokaci ya ce, “Zai ɗan yi.” Amma akwai wata magana da ba ya yawan furtawa, in ka ji ta ka tafi gida da kwanciyar hankali. Zai mayar da sukurorin a natse, ya miƙo maka, ya ce, “Wannan shi zai binne mu.” Ba a taɓa kama shi da ƙarya a kan wannan ba. Akwai rediyoyin da ya faɗa wa haka, masu su suna ƙasa tuni, jikoki na jin labarai da su.

Yana da yaya mace guda, Hajaratu, wadda aure ya kai Getso. Mace ce mai zafin nema, ta yi rayuwarta a kan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa yarda a ɗauke mata ko tulun ruwa ba. Mijinta ya rasu, 'yarta Kamila tana aure a Kaduna, ɗanta Lukuman yana aiki a Kano. Sai ido ya soma tafiya, a hankali, daga gefe-gefe, har ya tafi duka. Ta koyi gidanta da ƙafa da hannu. Tana girkinta, tana wankinta, ta san inda komai yake. Abu ɗaya ya gagare ta, waya. An saya mata mai maɓalli, aka nuna mata inda za ta danna, amma yatsunta sun yi kanta da aikin matsar mai. Ranar da ta kira mai unguwa ta hau shi da faɗa a kan ya bar jariri babu hula, tana zaton Kamila ce, ranar ta jefa wayar cikin kwalla ta rufe.

Daga nan duk lokacin da take son jin muryar 'yarta sai ta ɗaga murya ta kan katanga ta kira maƙwabciyarta, Malama Hanna, wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a garin. Hanna ba ta taɓa nuna gajiya ba, da dariyarta take shigowa. Amma Hajaratu ta gaya wa Dabo, ba sau ɗaya ba, cewa rashin ido bai ci mata rai kamar yadda roƙon nan yake ci mata ba. Mutum da girmansa, ya jira sai an taso daga makaranta kafin ya ce wa 'yar cikinsa ina kwana.

Lukuman ne ya zo da maganin. Wani ɗan akwati ne da bai fi gwangwanin madarar gari ba, an lulluɓe shi da yadi mai kauri, ba shi da maɓalli ko ɗaya sai wata fitila shuɗiya a ka. Magana ake yi masa ya amsa, har da Hausa yana ji. A Kabo ya samo shi, kantin wani saurayi Mahbub mai sayar da wayoyi da kayan sola, da sharaɗin in Kawu ya ce a mayar za a mayar.

Dabo ya auna shi a hannu, ya ji nauyi. Ya ƙwanƙwasa, bai ji kogo ba. Da ƙyar ya gano inda aka ɓoye sukurorin, da ya buɗe kuwa sai ya ƙura wa cikinsa ido. Tun da yake bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Babu waya ko ɗaya da ke lilo, lasifikar cikinsa kuwa ko a rediyon Turawa ta da sai an tona.

“Amma Kawu,” in ji Lukuman, “da intanet yake aiki fa. Sai ya haɗu da kamfaninsu yake amsawa.”

“To ai rediyo ma da tasha take aiki,” in ji Dabo. “Wannan tasha ta rufe, ka murɗa wata.” Ya ɗaure sukurorin, ya shafa yadin da babban yatsa. “Kai wa uwarka. Wannan shi zai binne mu.”

Lukuman bai ja maganar ba. Wa zai ja da Dabo a kan abu mai lasifika?

Hajaratu ta raɗa masa suna Malam. Da safe in ta idar da salla sai ka ji ta, “Malam, kira min Kamila.” In rana ta yi, “Malam, ja min karatu,” ta faɗi surar da take so, ta zauna tana ɓarar gyaɗa tana bi. Yana kamo mata labarai, yana gaya mata ko za a yi ruwa, in ya yi ƙarya ta zage shi tas, ta ce ko jikanta ya fi shi sanin hadari. Hanna ta shigo wata rana tana cewa, “Inna, an yi sabon ɗa an manta da mu ko?” Hajaratu ta ce, “Yanzu in na kira ki, ki sani zumunci ne, ba aike ba.” Mutanen da ke zuwa sayen mai suka gani, suka tambaya, aka ce musu Dabo ya duba, ga kuma abin da ya ce. Ba a jima ba akwatunan suka shiga gidaje da shaguna daga Getso har Madadi.

Damina biyu ko uku aka yi a haka. Wata safiya bayan an gama yankan gero, Hajaratu ta ce a kira mata Kamila, sai akwatin ya amsa da wata magana da bai taɓa yi ba. Ya ce aikinsa ya zo ƙarshe, ana godiya da kasancewa tare. Ta ce, “Kai Malam, bar wasa.” Bai sake cewa uffan ba.

Da Dabo ya zo ya same ta zaune da abin a cinya kamar mai jinya. Ya karɓa, ya juya shi, ya ce, “Yaya, kwantar da hankalinki. Ranar Juma'a zan dawo miki da shi yana magana.”

Ya buɗe shi a rumfa yana sa ran ƙauri, bai ji ba. Ya nemi abin da ya ƙone, babu. Wuta na shiga, wuta na zagayawa, fitilar ma tana kamawa. Ya jona lasifikar da wata tsohuwar rediyo, sai ga murya tangaran har masu faci suka waigo. Komai lafiya lau, amma ka yi masa magana ka ji kamar da dutse kake yi. Yana cikin wannan sai ga Sajo mahauci da nasa a hannu. Kafin azahar wani ya zo daga Madadi da nasa. Duk safiya ɗaya suka yi shiru, duk da kalmomin ban kwana iri ɗaya. Dabo ya daɗe a sana'ar nan, ya san abu yana mutuwa don ya faɗi, ko ya sha ruwa, ko ya tsufa. Bai taɓa ganin abubuwa sun haɗa baki sun mutu tare ba. Abin da ya fitar da shi zuwa Kabo washegari da hantsi ke nan.

Tun daga nesa ya gane kantin, saboda taron da ke bakinsa. Kowa da akwatinsa, wani a leda, wani a hammata. Mahbub yana tsaye a ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta ba da haƙuri hagu da dama. Da aka ga Dabo sai aka buɗa masa hanya.

“Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya hanya?”

“Lafiya. Yaro, me ya lalace a cikin abin nan? Na duba ban gani ba.”

“Baba, babu abin da ya lalace. Hankalinsa ne ba a cikinsa yake ba. Yana can wajen kamfanin, a ƙasar waje. In an yi masa magana can yake aikawa, can ake ba shi amsa. To sun rufe wajen.”

“A murɗa shi wani wajen mana.”

“Ba ya murɗuwa, Baba. Gida ɗaya aka yi shi ya sani.”

Dabo ya dubi akwatin da ke hannunsa.

“Gobara suka yi?”

“A'a.”

“Karyewa suka yi? Ko mai kamfanin ne ya rasu?”

“Lafiyarsu ƙalau, Baba. Sabo suka fitar, suka ce sun daina kula da wannan. Sun ma ce duk mai tsohon za a rage masa in zai sayi sabon.”

“Wato zama suka yi,” in ji Dabo a hankali, “da shayinsu a gaba, suka sa rana.”

Wata mata daga baya ta ce ita a kayan ɗakin 'yarta ta sa shi, ga shi ko suna ba a yi ba ya zama kwalliya, dangin miji na yi mata dariya. Wani tela ya ce shi ya sa nasa a bakin ƙofa yana tare iska. Wani dattijo ya ce a kai ƙara. Aka ce ƙarar wa? Ya ce mai abin. Aka ce a ina za a kai masa sammaci?

“Sun ce yana cikin sharuɗɗan da ake dannawa a yarda tun farko,” in ji Mahbub, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Cewa suna iya dainawa duk lokacin da suka so.”

A nan ne mutanen Kabo suka ji abin da mutanen Gwarzo ba su taɓa ji ba.

“Makauniya ce ta karanta sharuɗɗan?” Muryar Dabo ta fito har masu babur suka juyo. “Ka sayar min da akuya, na ja ta na kai gida, na ɗaure a turkena, ina ba ta dusa. Sai ka tsallako katanga ka yanka ta, ka ce in zo akwai wata za ka rage min! Wannan ciniki ne? In haya ce a ce haya ce, mutum ya san zaman da yake yi! Lasifikar nan da ke ciki za ta yi shekarun da ni ba zan yi ba. Ƙarfe lafiya, waya lafiya, an kashe shi da rai don a sayar da ƙaninsa!”

“Wallahi Baba ni ma kwali biyu gare ni a ciki, ko buɗe su ba a yi ba. Wa zan kai wa?”

Dabo ya dube shi, ya ga yaron gaskiya yake faɗa, kuma wannan ya ƙara masa zafi. Ya zo da faɗa cike da ciki, ga shi babu wuyan rigar da zai kama.

Sai Sajo mahauci, wanda ya biyo motar baya, ya yi gyaran murya. “Malam Dabo, mu fa ba kamfani muka sani ba. Ba mu taɓa ganinsu ba. Kai ka ce shi zai binne mu. To ga mu a tsaye, ga shi a leda.”

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Dabo bai juya ba. Ya ce wa Mahbub ya miƙo masa sabon. Ya auna shi a hannu, ya fi na da nauyi. Ya ƙwanƙwasa, babu kogo. Hannunsa ya soma laluben inda sukurori suke, sai ya tsaya.

“Shi wannan yaushe ce ranarsa?”

“Wallahi ban sani ba, Baba.”

“Su sun sani?”

Dabo ya ajiye masa abinsa a kan teburi, ya naɗe na yayarsa cikin tsumma, ya fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga Getso. A hanya Lukuman ya kira shi, ya ce ya ji duk abin da ya faru, shi zai sayi sabon, Kawu ya duba kawai ya sa baki. Dabo ya ce ya ji.

Hajaratu tana tsakar gida a kan tabarma. Tun daga zaure ta gane takunsa. Suka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gero, ya amsa. Sannan ta miƙo hannu biyu. Ya ɗora mata. Ta warware tsumman, ta shafa yadin, ta gyara zama.

“Malam, kira min Kamila.”

Kaji na ta tone-tonensu a gindin rumbu. Ta jira. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

“Yaya,” in ji Dabo, “ba zai amsa ba.”

Ya gaya mata duka, bai rage ba, har da abin da Lukuman ya faɗa masa tun ranar farko da amsar da shi ya bayar. Tana ji, hannunta na kan akwatin.

“Ba ka iya ba ke nan.”

“Babu abin gyarawa. Lafiyarsa ƙalau.”

“Kar ka ƙara ce min lafiyarsa ƙalau, Dabo! In lafiyarsa ƙalau ya yi magana!” Ta ja numfashi. “Na saba da duhu, ban kai ƙarar kowa ba, Allah ne ya kawo. Wannan kuwa mutum ne. Wani ƙato ne da idonsa biyu ya zauna ya ce tsohuwar nan ta isa haka. Ko sunana bai sani ba.”

“Lukuman ya ce zai sayo sabon.”

“Ka gan shi?”

“Na riƙe shi.”

“To me ka ce?”

Dabo ya dubi hannuwansa, duk tabon ƙunar dalma. Abu ne mai sauƙi. Kalma kaɗan ce, ya faɗe ta, a sayo, yayarsa ta koma kiran 'yarta da bakinta, wata shekara ko biyu, ko fiye, wa ya sani.

“Ban ce komai ba, Yaya. Aikinsa mai kyau ne. Amma abin da zai kashe shi ba ya cikinsa, ba inda zan duba in gani. Ba zan sa baki ba.”

Hajaratu ta mayar da tsumman ta lulluɓe akwatin, ta ture shi gefen tabarma da bayan hannu.

“To ka ce wa Lukuman ya bar kuɗinsa. Ba zan sake sabawa da abin da wani ke riƙe da maƙogwaronsa ba. Sau ɗaya ya ishe ni.”

Suka zauna. Inuwar katanga ta matso har ta taɓa tabarmar. Dabo ya ga tana motsa baki, tana shirya magana tana fasawa, ya gane ba da shi za ta yi ba. Ta juya fuskarta wajen katanga, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kamar mai shirin fita unguwa.

“Malama Hanna! Kina ciki?”

“Ina nan, Inna! Lafiya dai?”

“Lafiya lau. In kin sami sarari, don Allah, ki ɗan leƙo da wayarki.”

“Ga ni nan zuwa, bari in sauke tukunya!”

Dabo ya laluba takalmansa. Bai iya tsayawa a kira mata Kamila a gabansa ba.